Jirgin da Bai Sha Ruwa Ba

Ran nan ina zaune a ƙofar rumfata ina wasa gizago, sai Nasiru, ɗaya daga cikin kafintocin da ke yin kujeru da gadaje a shagon da ke kusa da ni, ya miƙo mini waya.

"Baba Sale, ga 'yan'uwanka na Italiya," in ji shi.

Wani gari ne wai shi Venice, sai da na sa ya maimaita sunan sau biyu. Titunansu ruwa ne, motarsu jirgi. A hoton farko ruwan ya janye, baƙaƙen jirage masu dogon hanci sun kwanta cikin taɓo, kowanne ya karkata gefe guda. A na biyu ruwan ya dawo da fushi, ya shiga kantuna har gwiwa. Nasiru ya ce wai su ma ruwansu ya daina bin lokaci, bana fari, baɗi ambaliya. Shi da abokan aikinsa suna ta dariyar wani Bature da ya naɗe wando yana tafe da takalmi a hannu. Ni kuwa jiragen nan na cikin taɓo nake kallo, ina cewa a raina Allah ya sa masu su suna zuba musu ruwa.

Sai wani a cikinsu ya ce, "Wai Baba, mene ne abin wuya a jirgi? Ai akwati ne kawai aka yi wa tsini."

Ban ba shi amsa a lokacin ba, don na san halina, in na buɗe baki ba mai daɗi za a ji ba. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na ce bari in ajiye muku amsar a takarda, ku kafintoci, ku karanta ran da dariya ta sake ku.

Ni ba gadon sassaƙa na yi ba. Su, wato kamun kifi, shi ne gadon gidanmu. Har na yi aure ina hawa gora a ruwa ina jefa birgi, ragar kamun kifi, a fadamar Haɗeja. Wata shekara jirgin mahaifina ya tsage, na kai shi gyara wurin Baba Kyari, wani Babarbare da iyayensa suka taso daga bakin Tafkin Chadi, ya kafa rumfa a bakin kogi. Gyaran kwana ɗaya ne, amma na yi kwana uku ina komawa kallo. A rana ta uku ya miƙo mini gizago ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Tsayuwa ba ta fafe itace."

Aikina na farko gungumen maɗaci ne, mutum biyu ba sa rungume shi. A wancan zamanin jirgi daga itace ɗaya ake fafe shi. Za ka fere bayan da gatari, ka juya shi, ka shiga cikin da gizago mai faɗin baki, in ka yi zurfi ka koma ƙarami mai lanƙwasa. Ba awo, ba igiyar tela. Kaurin jirgi da kunne ake sanin shi: ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ka saurara. In ya amsa da nauyi, da saura. In ya fara amsawa kamar ƙwarya, ka ɗauke hannunka. Ni da ƙuruciya da son a yaba mini, na ji amon ƙwarya na ce bari in ƙara sara ɗaya don ya yi sumul. Sai ga hasken rana ta gindin jirgi. Baba Kyari ya zo ya leƙa, ya zura yatsa a hujin, ya ce, "Madalla, ka yi wa kifi ƙofa." Bai zage ni ba, bai kuma taɓa mantawa ba. Har ya rasu, in zai gabatar da ni ga baƙo, cewa yake, "Ga Sale mai ƙofar kifi."

Gizagon da nake wasawa ran nan nasa ne. Na sauya masa ƙota sau huɗu, bakin ya cinye har ya koma rabin yadda yake, amma ban taɓa riƙe wanda ya zauna mini a hannu kamarsa ba. Sauran kayan ba su da yawa: gatari, zarto, guduma, ƙarfen huda da ake sawa a wuta, da tukunyar narka kwalta. Ku da injinan yanka da na goge katako kuna ganin kayanmu kamar na wasan yara. To, injinku ya san madaidaicin layi ne kawai, jirgi kuwa babu madaidaicin layi ko ɗaya a jikinsa.

Da manyan itatuwa suka ƙare a ƙasarmu, sai muka koma katakon da ake kawowa daga kudu. Nan ma wani karatun ne. Katakon gefe sai an lanƙwasa shi, a jiƙa shi, a kara shi a wuta, a danne da dutse, a hankali, don in ka matsa masa zai karye maka a fuska. A haɗa baki da baki, a buga ƙusa a karkace, a lanƙwashe kanta. A cusa auduga a kowace gaɓa, a bi da kwalta mai zafi, a rufe da yankakken gwangwani. Duk wannan in ka gama, jirgin zai yi kyau a ido, kuma in ka sa shi a ruwa zai yi yoyo kamar kwando.

Wannan shi ne abin da mai cewa akwati bai sani ba. Sabon jirgi sai an shayar da shi. Za a kai shi ruwa, a cika shi, a ɗora masa buhunan yashi ya nutse, a bar shi kwana bakwai. Busasshen katako zai sha ya kumbura, kowane ya ciji ɗan'uwansa, gaɓoɓin su matse audugar har allura ba ta shiga. Baba Kyari yakan ce, "Ƙusa riƙe katako kawai take yi, ruwa ne ke ɗinke jirgi." Bai taɓa barin jirgi ya bar hannunsa bai sha ba, ko mai shi zai yi birgima a ƙasa. Na ga ran da wani ɗan fito ya zo da mutanensa shida zai ɗauki nasa a kwana na biyar, don gobe kasuwa. Baba Kyari ya shiga ruwa ya zauna a kan jirgin, ruwa har ƙirji, ya ce su ɗauka da shi.

Kuma a lokacin shayar da jirgi ba wahala ba ne, don kogi yana da alƙawari. Shamuwa ta zo, a yi ruwan shuka, bayan 'yan makonni jan ruwa ya iso daga yamma. Da sallama yake zuwa. Baba Kyari yakan kafa kara a bakin gaɓa, kullum da safe mu duba: yau ya hau yatsa uku, gobe tafin hannu. Duk jiragen da muka haɗa da rani suna jere a ƙofar rumfa, ruwan zai zo ya same su inda suke, ya shayar da su, kafin fadama ta cika kowa ya karɓi nasa. Sai ka ga bakin kogi ranar kasuwa, jirage sun yi sahu har ba wurin ɗaure wani. Masunta da tarwaɗa da karfasa, mata da bandar kifi a kwanduna, Fulani da 'yan maruƙa a ɗaure a tsakiyar jirgi uwayen na iyo a baya. Masunta siririn jirgi suke so, mara nauyi, wanda zai ratsa ciyawa ba motsi. 'Yan fito mai faɗin ciki suke so, su kuma kullum ƙorafinsu ɗaya, wai ka rage musu kamu guda a faɗin. Ina kewar wannan hayaniya ƙwarai. Yanzu rabin hanyoyin da muke bi kachala ta toshe su, wannan doguwar ciyawar da ba ta da amfani sai ga tsuntsaye masu cin shinkafa.

Cikin masu saye na babu wanda nake jin daɗin zuwansa kamar Malam Haruna. Manomi ne a wani ƙauye da ke kan tudu a tsakiyar fadama, gabas da gari. Kowa a yankinsu ya koma sabuwar shinkafa, gajeriya, ta injin ban-ruwa, shi kaɗai ya riƙe ta kakansa. Ja ce, mai gashi a kan ƙwaya, a gidansu Mai Dogon Wuya suke ce mata, don komai hawan ruwa tana binsa, kanta na sama. Ba a yankanta a tsaye, a cikin jirgi ake bi ana yanke kawunan. Na ci tuwonta a gidansa. Ba ta da farin ido, amma in ka ci da safe ba ka neman komai sai la'asar. Mutane na yi masa tsiya, wai yana noman tarihi. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce, "Ran da ruwa ya shanye taku, kwa zo neman iri."

A shekarar da nake son ba ku labari, ya zo tun da rani ya ce in haɗa masa babban jirgi na yankan shinkafa, don tsohon ya ruɓe. Na zaɓi katako da hannuna, na yi aikin da ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Na gama shi kafin shamuwa, na kife shi a ƙofar rumfa yana jiran kogi.

Kogi bai zo ba. Aka yi ruwa sau biyu, mutane suka yi shuka, sama ta ɗauke. Gero ya fito ya murɗe. Malam Haruna ya watsa rabin irinsa a fadama, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Sauran buhu uku ya ɗaure bakinsu ya ajiye a rumbu, ya ce ba zai sake jefa su a ƙasa ba sai ya ga ruwa da idonsa, ko da sai baɗi ne. Duk duniya, iya saninmu, buhu ukun nan su ne suka rage na Mai Dogon Wuya. Cikin kogi kuwa yara na buga ƙwallo. Jiragen mutane da ke kwance a yashi suka tsattsage, wasu suka cire katakon suka yi ƙyauren ɗaki.

Wata ranar kasuwa ya biyo ta rumfata, ya shafa jirgin, ya ce, "Malam Sale, katakon nan fa ya bushe ƙwarai. Akwai sauran ruwa a gurbin nan na bayan ƙauyenmu. In kawo shanu da amalanke mu kai shi ya sha?"

Tafiyar rabin yini ce, ga zafi, ga ɗora jirgi a amalanke aiki ne na mutum takwas. Na ce, "Haba Malam Haruna, mu ɗauki jirgi mu kai wa ruwa? Ai ruwa ne ke zuwa wurin jirgi. Shekara arba'in ina nan, kogin nan bai taɓa saɓa mini ba. Ko ya makara zai zo, kuma zai ba mu kwana bakwai ɗinmu."

Ya ce, "To, kai ne masani."

Wannan kalma tasa har yau tana damuna. Ni ne masanin, kuma abin da na sani na kogin da ne.

Can ƙarshen damina, lokacin da kowa ya fid da rai, sama ta buɗe. Kwana da kwanaki ana zuba ba ƙaƙƙautawa, nan da can yamma inda kogin ya taso. Na kafa kara da yamma yadda muka saba, da safe ban ga karan ba, ban ga gaɓar ba. Mutanen gari duk suna kan jinga, wato tudun ƙasar da ya tare ruwa daga shiga gari, ana ta jera buhunan yashi. Ina cikinsu da hantsi sai ga Malam Haruna a kan gora, ya yi iyo tun daga ƙauyensu, idanunsa jawur.

"Malam Sale, jirgina."

"Bai sha ba, Malam Haruna. Ko kwana ɗaya bai yi a ruwa ba."

"Iya tana kan rumbu da yara. Katangar gidan ta faɗi tun asuba."

Na duba bakin ruwa. Jiragen da suka tsira daga fari ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowanne kuma ya tafi ɗebo wasu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ga ni da gora ba fafe, ga tafiya ta zo. Na narka kwalta a gurguje na ƙara bin gaɓoɓin, na ɗauki ƙwarya biyu, na ce ni ma zan shiga, don ba zan tura mutum cikin abin da na san halinsa in tsaya a tudu ba.

Da tafiya abin bai tsananta ba. Jirgi ba kaya yana tafiya a sama-sama, gaɓar ƙasa ce kawai ke cikin ruwa. Shi yana tuƙi da gwangwala, ni ina kwarfa. Muka tarar da ƙauyen ya koma 'yan tsibirai. Muka sauko da Iya, mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ba ta gani sosai, da matarsa, da yara biyar, da wata maƙwabciya mai jego. Aka sa akwati, da turmi, da kwanukan matar. Sannan Malam Haruna ya hau rumbu ya sauko da buhu ukun nan, ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu.

Na ce, "Nauyin ya yi yawa."

Ya ce, "A sauke turmin."

Aka sauke turmin, muka taso. Abin da nake tsoro shi ya faru. Da kaya suka danne jirgin, gaɓoɓin sama, waɗanda suka fi shan rana wata da watanni, suka shiga ruwa. Ba ɗigo ba ne, zirara yake yi ta gefe biyu, tun daga hanci har gindi. Na ba matarsa ƙwarya ɗaya, mai jego ta ɗauki kwano, babbar 'yarsa ta cire ɗankwali tana cusawa a gaɓa. Da hanya a buɗe take da mun kai, amma kachala ta tare mu, sai mun zagaya ta inda ruwan ke da ƙarfi da zurfin da gwangwala ba ta taɓa ƙasa. Ruwan cikin jirgi ya wuce idon sawu, ya kama ƙwauri. Tsakanin bakin jirgi da kogi bai fi yatsa huɗu ba.

Aka jefa akwatin. Aka jefa kwanukan, ban da wanda ake kwarfa da shi. Jirgin ya ɗan ɗago, ya sake zama. Na dubi buhunan, shi ma ya ga na duba. Ya miƙo mini filafilin da ya koma tuƙi da shi, ya sunkuya ya ɗaga na farko ya tura. Bayan ɗan lokaci ya tura na biyu. Na ukun kuwa sai ya zauna a kansa, ya karɓi ƙwarya daga hannun matarsa yana kwarfa kamar zai ƙarar da kogin. Wata igiyar ruwa ta taso ta mari gefenmu, ta zubo ciki, jaririn ya tsala kuka.

Iya ta ce, "Haruna."

"Iya, mun kusa. Ga jinga can."

"Ni ba na ganin jinga, ruwa nake ji a cinyata. Tashi."

"Iya, shi ke nan fa. Babu wani."

"Na sani, ni na sheƙe shi. Kakanka bai bar maka ita don ta ci jikokinsa ba."

Ya tashi. Ta laluba ta kwance bakin buhun, ta cika tafinta biyu, ta ƙulle a bakin zane. Sannan shi da kansa ya rungumi buhun ya sake shi a ruwa. Bakin a buɗe yake, jar shinkafa ta bazu a bayanmu, wata na nutsewa wata na yawo. Jirgin ya ɗago kamu guda. Da wannan kamun muka kai jinga, mutane suka shigo ruwa suka ja mu, ba wanda ya rasa ransa.

A wata makaranta aka sauke su tare da sauran waɗanda ruwa ya kora. Ɗan abin da Iya ta ƙulle ya riga ya jiƙe, kwana uku ya tsiro a cikin zanen. Malam Haruna ya samo fasasshen baho ya cika da taɓo ya dasa, yana kwana kusa da shi. Ya yi kore har ya kai tsawon hannu. Wata rana ya tafi sallar Juma'a, awakin da aka ɗaure a filin makarantar suka tsinke igiya, suka cinye shi tas.

Jirgin kuwa, a nan bakin jinga muka bar shi ya nutse, don ba mai ƙarfin jawo shi. Da aka kwana bakwai muka tsamo shi muka kwarfe. Ya ɗinke tsaf. Yau shekara nawa ke nan yana aiki, ban taɓa ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba. Kwana bakwai kawai yake nema, da shanu biyu, da ni in sauke girman kai.

Na je har gida na ba Malam Haruna haƙuri. Ya ce, "Wane haƙuri? Jirginka ne ya fitar da mu." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yanzu gajeriyar yake nomawa kamar kowa, da injin ban-ruwa, jirgin kuma fito yake yi da shi. Tun daga shekarar nan ban sake jiran kogi ba. Ina gama jirgi nake neman amalanke, ko ruwan yana ina, ko mai shi ya ce ba ya so.

Abu ɗaya ne bai daina ba. Duk kasuwar da ya ji an ce an kawo jar shinkafa, sai ya je. Ya je Kafin Hausa, ya je Malam Madori, ya bi ƙauyukan bakin iyakar Yobe yana tambayar tsofaffi ko wani ya taɓa karɓar iri a wurin mahaifinsa. Makon jiya ya biyo ta rumfata daga Birniwa, gemunsa ya yi fari fat. Bayan mun gaisa ya zauna a kan katako, ya kwance wani ƙullin leda, ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannuna. Ja ne, har da gashi a kai.

Na ce, "Malam Haruna, kamar ita."

Ya ɗauki ɗaya ya ɓare da farce, ya sa a haƙori ya ciza, ya daɗe yana taunawa.

"Ba ita ba ce," in ji shi. Ya karɓe sauran daga hannuna, ya mayar cikin ledar ya ƙulle. "An ce akwai wata tsohuwa a wajen Guri. Ranar Laraba zan je."